Ɗan dutsen da Mma ta sauko da shi

A gidanmu na unguwar Nyanshegu a Tamale akwai wani dutse da ya girme mu duka. Baƙi ne, mulmulalle, girmansa kamar burodin shayi. Ɗan dutse ne, wato wanda mace take riƙewa da hannu biyu tana turawa a kan dutsen niƙa. Uwar dutsen ce ba mu taɓa gani ba. In ka tambayi Mma, mahaifiyarmu, ina uwar take, sai ta ce tana Tudu, ta ci gaba da abin da take yi.

Tudu shi ne garin da aka haife ta. Yana da wani suna a bakin mutanen yankin, amma mu a gida Tudu kawai muke cewa. Garin manoma ne a kan duwatsun da ke arewa maso gabas da Tamale. Kakannin Mma fatake ne da suka yada zango a wurin, suka ga ruwa, suka saki jakuna suka ɗauki fartanya. Daga baya idon ruwan ya fara ja da baya, hanyar mota ta bi ta ƙasa ta ƙyale su, mutane suka dinga sauka gida-gida har garin ya zama kufai. Iyakar abin da muka sani ke nan. Wasu tsofaffin in suka fara labarin garinsu sai ka nemi hanyar gudu, Mma kuwa rowar Tudu take yi. Mun dai san uwarta a can ta rasu. Mun san ubanta ya sauko da ita tana yarinya, ya yi noma a Gumani, gefen Tamale, tun Gumani yana daji. Mun kuma san ita ce ta ɗauko ɗan dutsen a ka, cikin ƙwarya, ubanta yana ta faɗa a hanya wai wace irin yarinya ce za ta bar dawa ta ɗauki dutse.

Tun kafin in yi wayo injin niƙa ya shigo unguwarmu, don haka dutsen bai taɓa niƙa hatsi a Tamale ba. Amma bai huta ba. Shi ke tare ƙofar kicin kada iska ta buga ta. Da shi muke fasa ƙwarar kwakwa a kan siminti. Babanmu, Allah ya jiƙansa, da shi yake miƙe duk abin da ya lanƙwashe a jikin kekensa, ƙanena kuma da ke bi na ya mai da shi mawashin adda har sai da ya yi masa kwari a gefe guda. Mma ba ta taɓa hana kowa ba. Dokarta ɗaya ce, in ka gama ka mayar da shi bakin ƙofa. Ranar da wata maƙwabciya ta ara ya kwana a wurinta, Mma da kanta ta je ta karɓo da sassafe, ko koko ba ta sha ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Mma ba ta kiran sunana. "Ke" ce ni, har yanzu da furfura ta fara mini sallama. Kuma ni bahaguwa ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan yake nufi: ba a miƙa abu da hagu, ba a karɓa da hagu, ba a nuna hanya da hagu, in kuma dole ta sa ka yi sai ka nemi gafara kamar ka taka mutum. Hannuna na hagu ya sha muciya, ya sha ludayi, ya sha gindin tsintsiya. An taɓa ɗaure mini shi ta baya da ɗankwali, na ci tuwo da dama ina kuka, miyar ayoyo tana gangarowa har gwiwar hannuna. Na koya kuwa. Da dama nake ci, da dama nake gaisuwa, da dama na yi shekaru ina rubutu a allon makarantar da nake koyarwa. Amma wuƙa da allura da duk aikin da yake son ƙarfi, in babu idon Mma a wurin, hagu ne. Ƙanena har gobe Sista Lefti yake ce mini. Na daɗe ina jin haushin Mma a kan wannan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in ta buge ni sai ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, ni da aka buga ina waje, ita da ta yi bugun ita ce mai fushi.

Da Baba ya rasu, ƙafafun Mma kuma suka yi nauyi, na ɗauko ta na kawo ta wurina a unguwar Kalpohin. Ta zo da akwatinta na ƙarfe da sallayarta da dutsen. Idanunta sun yi yana. An yi mata aiki a ɗaya, ya ɗan buɗe ya sake dushewa, yanzu inuwa-inuwa take gani. Ruwa kuma yana tayar mata da ciwon gaɓɓai, sai limamin unguwa ya ce ta riƙa yin taimama. To bangon gidana fenti ne, ƙasa tayil ce, babu inda za ta buga hannu. Nan dutsen ya sami sabon aiki. Yana nan gefen sallaya, ta dafa shi ta shafi fuska, ta sake dafawa ta shafi hannuwa. Rashin ganin dai bai hana ta gane hannuna ba. In na manta na miƙa mata hagu don in tashe ta, da ta ji inda babban yatsa yake sai ta ture.

Wata 'yar unguwarmu mai sayen ƙwarar kaɗanya a ƙauyukan can ita ta kawo labarin. Ta shigo gaisuwa wata safiya da bazara, tana shan ruwa tana ba mu labarin hanya, ta ce ai 'yan jami'a sun hau wani kufai a kan dutse, sun kafa turaku sun ja igiyoyi, sun ɗauki mutanen ƙauyen ƙasa aiki, ana haƙa ana tankaɗe ƙasa da rariya kamar masu neman zinariya, amma fasassun tukwane kawai suke tarawa. Ta faɗi sunan wurin tana dariya. Ni ma na yi dariya. Mma ba ta yi ba. Ta tambaya ko cikin gidaje suke haƙawa ko waje, matar ta ce ita dai ta ji an ce duk inda ƙasa take da zurfi nan suka fi so.

Ranar Mma ba ta taɓa tuwonta ba. Washegari ma koko ta kurɓa ta ajiye. Na tambaya, na lallaɓa, na koma faɗa, don ni lallashina ba ya nisa. Sai bayan la'asar, tana zaune a baranda dutsen yana kan cinyarta, ta ce:

"Uwata ba a maƙabarta take ba. A cikin gida take."

Na ja kujera na zauna. Ta ce da damina uwar ta rasu, a shekarar da garin ya kusa ƙarewa. Maza kaɗan suka rage, rafin da ke tsakanin gari da maƙabarta ya kawo, cikin gari kuma ko'ina dutse ne, ba ya haƙuwa. Wuri ɗaya ne mai ƙasa a gidansu, ɗan lambun bayan madafa inda marigayiyar take shuka kuɓewa da barkono, ƙasar da ita da kanta ta yi ta ɗaukowa daga kwari a kwando shekara da shekaru. Nan aka sa ta. Da kaka ta yi suka sauko, kuma tun daga ranar Mma ba ta sake taka wurin ba.

"Duk inda ƙasa take da zurfi," ta ce. "Kin ji abin da matar nan ta faɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira ƙanena a waya ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba, na ce wato karatun ke nan, a bar masu rai da matsalarsu a je ana tone matattu. Yana da pikap da yake dakon doya da ita. Shi Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa, Mma ta gaji da gyara masa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Sista Lefti, ka kwantar da hankali smol. Asabar za mu je mu gani da idonmu."

Na tambayi Mma yadda za ta gane gidan, ga shekaru, ga rashin ido. Ta ɗaga dutsen ta ce ɗan dutse da uwarsa tare suke cinyewa, kowane ɗa a kan uwarsa kaɗai yake zama daram. Uwar nauyi ne da ita, ba wanda ya sauko da tasa. In aka sami uwar an sami madafa, in aka sami madafa lambun yana bayanta. Yadda ta faɗe shi a sauƙaƙe har ni ma na yarda.

Muka tashi bayan asuba. Kwalta ta ƙare muka hau jar hanya, jar hanya ta ƙare muka hau wadda babura suka yi wa kansu. A ƙauyen gindin dutsen muka tsaya muka gai da dattawa, muka ba da goro, suka ce mu hau. Su ba mutanen Tudu ba ne, daga baya iyayensu suka zo. Mota ta kai mu iya inda za ta iya, sauran a ƙafa. Ƙanena ya durƙusa zai goya Mma, ta ce ita da ƙafarta ta sauko, da ƙafarta za ta hau. Haka muka tafi, shi a gefe ni a gefe, dutsen a cikin jakata yana dukan ƙuguna, muna tafiya muna hutawa.

An ƙone ciyawa, don haka komai a fili yake. Abin da na fara gani shi ne gonakin. Duk gangaren an jera masa duwatsu layi bisa layi kamar matakala, kowane layi ya tare 'yar ƙasa don kada ruwan sama ya tafi da ita. Na tsaya ina kallo ina tunanin hannuwan da suka ɗaga waɗannan duwatsu ɗaya-ɗaya saboda dawa. Da muka kai sama sai ga garin. Babu bango ko ɗaya a tsaye. Zobba ne na duwatsu a ƙasa inda ɗakuna suka zauna, da 'yan duwatsu a tsaitsaye waɗanda suka ɗauki rumbuna, da tsingaro ko'ina har ba ka iya taku ba ka taka ba, da kukoki nan da can. Sai duwatsun niƙa, wasu a kife, wasu rabinsu cikin ƙasa, wasu an niƙa a kansu har sun huje. Tun ina yarinya na gina wa Tudu ƙaton gari a kaina. Ashe duka-duka bai fi unguwa ƙarama ba, kuma tausayinsa ya kama ni kamar na ga tsoho ba riga.

Na zo da jawabina a shirye tun daga Kalpohin. Wadda ta fito daga wani ɗan rami ta tarye mu 'yar ƙaramar mace ce da wando da malafa, rana ta ƙona ta, cokalin magina a aljihunta na baya. Ita ce shugabar aikin, ma'aikatan suna ce mata Malama. Tana ganin Mma ta cire malafa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta da Hausa, ashe a zangon Kumasi ta tashi. Ta sa aka kawo benci da ruwa. Jawabina ya tashi a banza, dole na yi bayani cikin mutunci, abin da ban shirya ba.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce su ba kabari suke nema ba, yadda mutane suka zauna suka yi noma a kan dutse suke son sani, kuma in suka ci karo da ƙashin mutum rufewa suke yi su kira dattawa. Amma ta fi son kada ma su ci karo da shi, ga shi tun da suka zo ba su sami ɗan Tudu ko ɗaya da zai nuna musu komai ba. Ta riƙe hannun Mma ta ce, "Mma, in ka nuna mini wurin, ba mutum da zai taɓa shi kwata-kwata. Na yi alkawari."

Mma ta miƙe. Ta ce a kai ta kukar masallaci, daga nan za ta gane. Kukokin suna da yawa, ba wanda ya san wacce ce ta masallaci. Muka kai ta wannan, muka kai ta waccan. A kowacce sai ta dafa, ta juya kai dama da hagu kamar mai sauraron kira. Garin da ke kanta na bango ne da lunguna da kukan awaki da muryoyin mata, nan kuwa fili ne da iska. A ƙarshe ta ce, a hankali, "Babu bango, ban san inda nake ba." Sannan ta ce in ba ta dutsenta.

Haka muka fara bin duwatsun niƙa. Ƙanena da ma'aikata biyu suna juya na kife, Malama tana share su da burushi, Mma tana durƙusawa da kyar ta shafa, ta ɗora ɗan dutsen, ta girgiza. Kwal-kwal. Mu tashe ta mu je na gaba. Kwal-kwal. Rana ta yi sama, zufa ta jiƙa mayafinta, gwiwoyin zanenta sun yi baƙi da toka, ba ta ce a huta ba. A kan wata uwar ɗan dutsen ya ɗan yi kamar zai zauna, ta juya shi ta sake gwadawa ta girgiza kai.

Da muka zagaye kusan duka, Malama ta roƙa a ba ta ɗan dutsen ta duba. Ta juya shi a hannu, ta bi kwarin addar da yatsa, ta taɓa ramukan da ƙwarar kwakwa da ƙusoshin keke suka bari. Ta ce, kuma na ga ba ta so faɗa ba, fuskar dutsen ta sake, ko an ɗora shi a kan uwarsa yanzu ba zai zauna ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Na watsa masa harara don in sami inda zan sauke, amma gidanmu duka ba wanda hannunsa ba ya jikin dutsen nan. Mma ta miƙa hannu ta karɓi dutsenta. Muka kai ta inuwa ta zauna, ta karɓi ruwa ta riƙe ba ta sha ba.

Ban taɓa ganin uwata ta ƙanƙance haka ba. Wannan matar da muryarta kaɗai take tsayar da faɗan famfo a Nyanshegu, ga ta a gindin kuka kamar ɗaurin wanki. Malama ta tsuguna ta ce za su riƙa haƙa a hankali, duk inda suka ga alama za su tsaya. Mma ta gyaɗa kai don ladabi. Ni da Mma duk mun san a hankali ma haƙa ce.

Mun daɗe a haka. Har ƙanena ya fara yi mini alama da ido mu kama hanya, sai Mma ta ce, "Ke."

"Na'am, Mma."

"Tashi ki niƙa."

Na zaci rana ce ta taɓa ta. Na ce me zan niƙa, babu hatsi a nan. Ta miƙo mini ɗan dutsen.

"Ki bi su ɗaya-ɗaya. Ba da hannun da na koya miki ba. Da naki."

Ban gane ba, amma a muryar nan ba a yi wa Mma tambaya. Na ɗaura mayafi a ƙugu na durƙusa, ni da rabona da durƙuson niƙa tun ina budurwa a gidan gwaggo. Niƙa da hannu biyu ake yi, amma ɗaya ne ke ja gaba, ɗaya yana bi. Na sa hagu a gaba na tura. Ɗan dutsen ya tafi kaɗan ya kauce ya bugi leɓen uwar, har na ji shi a kafaɗa. Kwarin da ke jikin dutsen hanya ce da hannun wata ya yi shekaru yana bi, kuma ba hanyata ba ce. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ma'aikata suka bar aiki suna kallon malamar makaranta tana niƙa iska. Ƙanena ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskar Mma ya rufe. Tana riƙe da hannunsa tana bin mu a baya, kanta a karkace, kunne take bayarwa.

Can ƙarshen gari, wajen da dutsen ya fara gangara, cikin igiyoyin da aka ja ba a fara haƙa ba, akwai wata uwar dutse ja-ja, rabinta a ƙasa. Mma ta riga ta gwada ta ɗazu ta wuce. Na durƙusa, gwiwoyina suna zagina, na tura. Hannuna ya tafi har ƙarshe ya dawo, bai bugi komai ba. Ƙarar ma dabam ce, doguwa, ba tsinkewa. Na sake turawa. Kafaɗata ta sauka, bayana ya sami wurin zama, kamar na sa tsohon takalmina.

"Sake," in ji Mma.

Na sake. Ta saki ƙanena ta lallaɓo ta durƙusa kusa da ni, ta sa tafinta cikin kwarin ta bi shi daga sama har ƙasa. Malama ta ce tun makon da suka zo ta lura da wannan dutsen, kwarinsa ya karkata ta inda sauran ba su karkata ba, ta yi zargin dalilin amma ba ta da wanda za ta tambaya.

"Uwata bahaguwa ce," Mma ta ce.

Na haura hamsin a duniya, ranar na fara ji. Na zauna daɓas a cikin toka. Can halina na gardama ya motsa, na ce to in akwai wata bahaguwar a garin fa. Mma ta ce an yi su, amma duk an gyara su tun suna yara, ita kaɗai ce ta gagara. Ta juyo da fuskarta wajena ta ƙara da cewa taurin kai ai ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Ta ce mai niƙa ƙofa take fuskanta, lambun yana bayanta. Muka juya. Bayan layin duwatsun da ya zama gindin bangon madafa akwai ɗan fili shimfiɗaɗɗe, bai fi tabarma biyu ba, ƙasarsa ta fi ta ko'ina duhu da laushi. Turke ɗaya na igiyar 'yan jami'a a cikinsa yake. Malama ta gan shi. Ta je ta tuge turken da hannunta, ta naɗe igiyar, ta cike ramin da ƙasa ta danna da tafi. Ta yi wa ma'aikata magana, suka ɗebo duwatsu daga waje suka kewaye wurin, suka cire huluna suka tsaya. Ƙanena ya ja addu'a, shi da ban taɓa ganin ya ɗauki wani abu da nauyi ba.

Mma ta matsa ta zauna a bakin wurin, ta ɗora tafukanta biyu a kan ƙasar.

"Inna, ni ce," ta ce. "Na daɗe."

Sauran abin da ta faɗa ƙasa-ƙasa ne, kuma ba namu ba ne. Mutane suka ja baya, ni kaɗai na rage a gefenta. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta fara ba ni labari, wanda ya fi duk abin da ta taɓa faɗa a kan Tudu tsawo. Ta ce uwarta ta fi kowa iya tuwo, amma in ana biki ba a ba ta tuƙi, garin da ta niƙa ma cewa ake yi ba shi da albarka. Ranar daɓe ko sussuka, in mata suka jeru, ita a ƙarshen layi take, da tazara. Ba a zage ta ba, ba a kore ta ba, an dai bar ta a gefe har ta saba. Ranar da ta rasu tsohuwa ɗaya ce ta zo wanka, Mma ce ta zuba mata ruwa, tana yarinyar da ko tulu ba ta gama iya ɗauka ba.

"Ranar da kika fara miƙo hannu ki karɓi abu, kina goye," ta ce, "wannan hannun kika miƙo. Sai na ga ranar nan. Na ce ke kam ba za a bar ki a gefe ba, ko za ki ƙi ni."

Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban nema ba. Na yi kuka sosai, irin na yara, har da majina. Na tuna duk lokutan da take shigewa ɗaki bayan ta buge ni, ina waje ina cewa fushi take yi. Ta bar ni na yi mai isata sannan ta ce in share fuska, akwai maza a wurin.

Da azahar ta yi, ta buga hannu a kan uwar dutsen ta yi taimama, ta yi sallarta a zaune a cikin madafar uwarta. Na ɗauka za ta bar ɗan dutsen a nan, Malama ma ta ce in tana so a bari ba wanda zai ɗauke. Mma ta ɗora shi a kan uwar, ta girgiza. Kwal-kwal. Ta yi 'yar dariya ta ce wannan ai ya zama ɗan Tamale, ba zai iya zaman ƙauye ba, a mayar mata da abinta jaka. Ta sa wa Malama albarka doguwa, ta kuma yi mata faɗa a kan yawo cikin rana ba mayafi, Malama tana ta cewa to Mma.

Saukar ta fi hawan wuya, duwatsun suna zamewa. Ƙanena ya yi gaba da jaka don ya juyo da mota. A bakin matakalar gonaki ta farko na tsaya na miƙa wa Mma hannun dama, yadda na saba. Ta kama, ta laluba inda babban yatsa yake, ta saki.

"Ba wannan ba."

Na zagaya ta ɗaya gefen na ba ta hagu. Ta riƙe shi gam, ta jingina nauyinta duka a kansa.

"Shi ne mai ƙarfin," ta ce. "Na sani tun tuni. Mu je."